Wasiƙa Kan Faifan Walimar da Ya Ƙi Buɗewa



Mutumina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara baki ɗaya. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka miƙa mini gaisuwa wurinta, ka ce ina nan tafe in sha Allahu da zarar an samu hutu. Mu ma nan Kano kowa lafiya, sai zafin da ake ta fama da shi.

Saƙonka ya same ni, na kuma ji damuwar da ke cikin muryarka. Faifan walimar saukar ƙaninka daban yake da sauran faya-fayan gidan, tunda a cikinsa kaɗai kuke da muryar Baba da motsinsa, Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makoma. Ka ce ka sa shi a laftof, ya yi ta gurnani yana juyawa, daga ƙarshe shiru, ko hoto ɗaya bai fito ba. Na so in kira ka, sai na ga bayanin yana da rassa, a waya kuwa kafin in kai ƙarshe ka manta farko. Gara in rubuta, in ka so ka miƙa wa babban yaronka ya riƙa karantawa kana bi.

Kafin komai, riƙe wannan. Idan kwamfutar ta fito maka da ɗan akwati tana neman ta yi wa faifan Format, ko tana tambayar yadda kake son amfani da shi a matsayin sabon faifai, kada ka yarda. Danna Cancel, ka fitar da abinka. Ta wannan ƙofar ce mutum kan hallaka bidiyonsa da hannunsa cikin ɗan lokaci. Amma dubawa da buɗewa da kallo, duk ba sa ɓata komai, don haka ka saki jikinka.

Ni dai zargina na farko a kan Windows yake. Da can, yawancin nau'o'in Windows 7 kana sa faifan DVD sai kawai ka ga fim ya tashi. Da Microsoft suka fitar da Windows 8 a 2012 sai suka cire wannan, saboda akwai kuɗin lasisi da suke biya a kan kowace kwamfuta, ga shi kuma an fara ƙera laftof marasa gidan faifai. Haka aka zarce har Windows 10 da 11. Shi ya sa za ka ga faifai lafiya lau, kwamfuta sabuwa dal, amma su kasa fahimtar juna. Suna sayar da wata manhaja a shagonsu don wannan aikin, sai dai ban ga dalilin da zai sa ka kashe ko kwabo ba alhali akwai VLC. Ka san ta, ita ce mai tambarin ɗan mazubin nan ruwan lemo da ake jerawa a titi idan ana gyara. Ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, École Centrale Paris, a 1996, aka sake ta ga kowa a 2001, kuma har yau kyauta ce, ba talla ba komai. Ka sauke ta daga shafin masu ita, videolan.org, ban da wasu shafukan da ke cusa wa mutum tarkace. Nauyinta bai kai megabait 50 ba.

Amma kar ka yi saurin buɗe ta tukuna. Fara leƙa cikin faifan ka san da wa kake magana. Sa shi a tire, ka danna tsakiyarsa har sai ka ji ya yi ƙas ya zauna a kan sandar nan. Mutane da yawa ɗora shi kawai suke yi su tura, don sun saba da injin falo wanda ba ya buƙatar haka, shi kuwa tiren laftof sai an danna. Ka ba shi kamar minti ɗaya ya gama juyinsa. Sai ka shiga This PC, ka ɗora kibiya a kan hoton faifan, ka danna ɓangaren dama na mawus, ka zaɓi Open. Abin da ka gani a nan shi zai faɗa mana sauran labarin.

In ka ga folda mai suna VIDEO_TS, to DVD ne na sosai. A ciki akwai fayiloli masu ƙarewa da VOB da IFO da BUP. Bidiyon kansa yana cikin na VOB, an yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kowane bai wuce gigabait 1 ba. Na IFO su ke gaya wa na'ura ta ina za ta fara, ina za ta bi, na BUP kuma kwafinsu ne na ko-ta-kwana. A VLC sai ka danna Media, ka zaɓi Open Disc, ka bar alamar a kan DVD, ka danna Play. Idan allo ya tsaya baƙi, ko ya maƙale a shafin farko inda mai bidiyo ya jera furanni da sunan shagonsa, koma baya ka sa alama a wurin da aka rubuta No disc menus. Sau da yawa wannan shafin farkon ne ke da matsala, bidiyon da ke bayansa kuwa lafiyarsa ƙalau. In duk ya ƙi, jawo fayil ɗin VTS_01_1.VOB da mawus ka jefa shi cikin VLC kai tsaye, daga shi sai mai lamba 2, haka har ƙarshe.

Sai dai in na tuna daidai lokacin da aka yi walimar nan, zamanin da kaset ke bankwana, zuciyata ta fi ba ni VCD ne. Ka tuna yadda ya cika gari, kowane gida da ɗan injinsa ɗan Sin, fim ɗaya a faifai biyu, ana tsakiyar kallo a ce a canza. Dalili shi ne faifan CD ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80 na irin wannan bidiyon. Tun 1993 kamfanonin Philips da Sony da JVC da Matsushita suka fito da tsarin. Bai yi wani tasiri a Turai da Amurka ba, amma a Asiya da nan wurinmu ya yi zamaninsa, kuma masu ɗaukar biki da suna da walima duk a kansa suka riƙa ɗora aikinsu. Alamarsa ita ce folda mai suna MPEGAV, a cikinta fayil AVSEQ01.DAT, wataƙila da na biyu da na uku. Windows ba ta san abin da za ta yi da DAT ba, shi ya sa in ka danna sai ta tambaye ka da me za ta buɗe. Jawo shi ka jefa cikin VLC, ko ka bi ta Open Disc ka zaɓi SVCD/VCD. Ina gaya maka tun yanzu don kada ranka ya ɓaci: hoton zai yi dishi-dishi a allon laftof. Ɗigon hoton VCD 352 ne a kwance, 288 a tsaye, an yi shi ne don ƙaramar talabijin mai ƙeya. Haka aka ɗauke shi, ba lalacewa ya yi ba. In ka rage girman tagar VLC za ka ga fuskoki sun fi fitowa. In kuma mutane sun yi tsawo ko sun baje, danna harafin A har siffarsu ta daidaita. In kana ganin layi-layi a gefen duk abin da ya motsa, danna D.

Akwai kuma masu bidiyon da ke zuba fayil kawai a faifai, MP4 ko AVI ko MPG. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, VLC za ta buɗe.

Inda aiki yake shi ne in kwamfutar ta ce maka faifan babu komai a ciki. To nan ka fitar da shi, ka riƙe shi ta baki-baki, ka juya cikinsa wajen hasken taga kana ɗan karkata shi. Faifan kamfani cikinsa fari ne kamar azurfa. Wanda aka ɗora wa abu a shago ko a gida kuwa, in DVD ne cikinsa ruwan shunayya ne, in CD ne yakan yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi ko ruwan zinare. Duba da kyau, za ka ga daga ramin tsakiya zuwa wani wuri launin ya ɗan bambanta, sai wani siririn zobe, daga nan zuwa baki kuma launin ya canza. Wannan zoben shi ne iyakar inda rubutu ya tsaya, don faifai daga ciki ake rubuta shi zuwa waje. Muddin ka ga zoben nan, ko ka ga launin rubutun ya cika faifan, to bidiyon yana nan, ko me kwamfutar ta ce.

Abin da kan jawo haka shi ne rashin rufe faifai. Injinan da ke ɗaukar bidiyo kai tsaye a kan DVD, da kyamarorin nan masu cin ƙaramin faifai mai faɗin santimita 8, suna zuba hoton ne tukuna, sai an gama a ba su umarnin da ake kira Finalize, sannan su rubuta fihirisar da sauran na'urori ke bi su gano inda komai yake. In mai bidiyo ya yi gaggawa ya zare faifan ya miƙa ba tare da wannan ba, injin da ya rubuta shi ko irinsa ne kaɗai ke iya karanta shi. Haka ta faru da faifan bikin wata ƙanwata. Shekara da shekaru yana cikin akwati ana cewa mai kyamara ya cuce su, bai ɗauki komai ba. Da na ga zoben nan sai muka nemi mutumin, Allah ya sa bai rabu da kyamarar ba, tana ajiye cikin jakarta duk ƙura. Ya jona ta da wuta, don ba a yin wannan aikin da batir kada ya mutu a tsakiya, ya sa faifan, ya danna, muka zauna muna kallon ɗan jan fitilar tana ƙiftawa na 'yan mintoci. Da ta tsaya aka sa shi a laftof, sai ga ranar kamu ta fito tiryan-tiryan, har da tsofaffin da yanzu babu su. Ranar an sha kuka a gidan nan. Saboda haka in naka irin wannan ne, fara neman wanda ya ɗauka, ko wani mai inji irin nasa sak, kamfani ɗaya kuma samfuri ɗaya in da hali. In ba a samu ba, akwai manhaja mai suna IsoBuster da ke iya tono bidiyo daga faifan da ba a rufe ba. Ta kuɗi ce, kuma gara a bar wa wanda ya saba da ita. Wani lokaci kuma za ka ga folda DVD_RTAV da fayil mai ƙarewa da VRO. Shi ma daga irin waɗannan injinan yake fitowa, kwafe shi zuwa kwamfuta ka jefa a VLC.

Kada mu ɗora wa faifai laifi duka, gidan faifan laftof ɗin ma abin tuhuma ne, musamman irin namu na hannu da suka sha duniya kafin su iso. Gwada wani faifan da ka tabbatar yana yi, CD ɗaya, DVD ɗaya. Na ce duka biyu don hasken da ke karanta CD daban, na DVD daban, kuma ɗaya kan mutu ya bar ɗaya. Sai ka ga na'ura tana karanta faifan karatun Alƙur'ani lafiya, amma ta ƙi kowane DVD. Duba kuma fuskar tiren, in babu tambarin DVD a jiki, to dama can ba ta san shi ba. Ƙurar hunturu ma tana rufe ɗan idon gilashin nan da kake gani in ka jawo tire. Iska kaɗan daga abin hura ƙura ta isa, kada ka sa yatsa. Sannan faifan gida ya fi na kamfani wuyar karantawa, don bai kai shi mayar da haske ba, saboda haka idon da ya fara tsufa shi yake fara ƙi. In ta tabbata daga nan ne, kada ka wahalar da kanka da gyara. Akwai gidan faifai na waje da ake jonawa ta USB, ba shi da tsada sosai. In ba ka samu a wajenku ba, gaya mini in duba maka a Beirut Road ko Farm Centre in ba direba a tasha ya kawo maka. In ka samu wanda wayarsa ke da kai biyu, jona duka biyun, na biyun wuta yake ƙara masa, in ba haka ba sai ya riƙa juyawa yana tsayawa. In kuma faifan naka ƙaramin nan ne, kada ka kuskura ka zura shi a na'ura mai haɗiye faifai ta tsaga, maƙalewa zai yi. Sai mai tire.

Za ka haɗu da masu ce maka matsalar rijiyon ce, wai sai an canza wa na'urar yanki. Kada ka biye musu. Gaskiya ne an raba duniya yanki-yanki don finafinan kamfani, mu muna yanki na 5, amma faifan da aka yi a shagon unguwa ba shi da wannan makullin. Kuma sau 5 kacal na'ura ke yarda a canza mata yanki, daga nan ta kafe a na ƙarshe. Haka batun PAL da NTSC, wannan damuwar tsohuwar talabijin ce, laftof ba ruwanta.

In faifan ya yi datti, wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, ka goge da ƙyalle mai laushi irin na tabarau, daga tsakiya zuwa baki, a miƙe. Kada ka bi zagaye, don rubutun a zagaye yake tafiya, karce ɗaya da ya bi layin sai ya cinye wuri mai tsawo, wanda ya gitta kuwa na'ura na iya cike gurbinsa. Ka bar shi ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da turare. Na san ana cewa a goga man goge baki, akwai ma masu injin wanke faifai da ke kankare fuskarsa. A kan fim ɗin da za a iya sake saya, ba laifi a gwada. A kan faifan da babu na biyunsa a duniya kuwa, ban yarda ba sai an gwada komai ya ƙi, kada garin gyaran gira a rasa ido. In CD ne, ka kula da bayansa fiye da cikinsa, don rubutun yana kwance ne dab da fentin saman, ƙarfen biro ma na iya huda shi. In akwai takarda manne a kai, kada ka ɓanɓare, tana iya tashi da bidiyon.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina. Ranar da faifan nan ya buɗe, kada ka zauna kallo. Na san zuciya za ta ja ka, za a kira Hajiya, yara su taru, amma ka daure ka fara kwafewa. Faifan gida da wani rini ake rubuta shi, kuma rinin nan yana dusashewa da zafi da rana da laima. Wanda ya shekara goma sha wani abu a cikin akwati ƙarƙashin rufin kwano, ya riga ya tsufa, kuma ba wanda zai ce maka gobe zai sake buɗewa. Yawanci daga baki yake fara lalacewa, shi ya sa za ka ga farkon biki lafiya, can wajen ƙarshe hoto ya fara cijewa yana rarrabewa. A walima kuwa ka san addu'ar manya a ƙarshe take zuwa, wato wurin da kuka fi buƙata shi ne ya fi kusa da haɗari.

Ka buɗe sabuwar folda a kwamfuta, ka kwashe VIDEO_TS ɗin gaba ɗaya ka zuba, ko fayilolin DAT in VCD ne. DVD cikakke gigabait 4.7 ne, CD kuwa wajen megabait 700, ba wani wuri za su ci ba. In kwafin ya tsaya ya ce cyclic redundancy check, ma'ana ya iso wurin da ya kasa karantawa. Kada ka yi ta maimaitawa. Tsallake wannan fayil ɗin, ka kwashe sauran ɗaya bayan ɗaya, sannan ka gwada mai matsalar a wata na'urar, don abin da wannan ido ya kasa gani, wani kan gani. Masu amfani da Linux suna da wata manhaja, ddrescue, mai fara kwashe duk inda ke da lafiya sannan ta dawo ta yi ta lallaɓar wuraren da suka lalace. In ta kai ga haka, aiko mini da faifan cikin kwalinsa ta hannun wanda ka amince da shi, kada a jefa shi gaban mota rana ta gasa shi. Kuma in har tsohon injin falonku yana nuna shi, to akwai sauran dabara, don shi injin falo tsallake wurin da ya lalace yake yi ya wuce, ita kuwa kwamfuta sai ta tsaya ta ce lallai sai ta karanta komai. Ana iya jona wayoyin nan uku, rawaya da ja da fari, a wata 'yar na'ura ta USB a naɗi bidiyon yana tafiya. Hoton zai ɗan ragu, amma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Bayan ka kwafe, sauke HandBrake, ita ma kyauta ce, ka nuna mata foldar ta mayar maka da bidiyon MP4, wanda kowace waya za ta buɗe. Amma kada ka goge na asalin don ka samu MP4, ajiye duka biyun. Ka zuba kwafi a filashi mai kyau, don na jabu sun yi yawa a kasuwa, ka ɗora wani a Google Drive tunda suna ba da gigabait 15 kyauta, ka kuma ba ƙaninka nasa ya ajiye a gidansa. In za ka tura wa dangi ta WhatsApp, tura shi a matsayin Document, in ba haka ba za su matse shi, hoton da dama bai da ƙarfi ya ƙara dagulewa.

Wata alfarma nake nema. Yara za su ce maka akwai manhajojin zamani masu gyara tsohon bidiyo ya fito tar. Na ga aikinsu. Ba tono abin da ya ɓace suke yi ba, ƙirƙira suke yi su cike da abin da suka ga ya dace, sai ka ga fuska ta yi sumul amma ido da baki sun zama na wani. In suna so su gwada a kan kwafi, su gwada. Amma wanda za a ajiye wa jikoki, a bar Baba yadda kyamara ta gan shi ranar nan, da rawaninsa da dishi-dishin da komai. Ni ma ina wurin walimar, ina tsaye ta bayan rumfa, kuma ina so in sake jin addu'ar nan da muryarsa, don haka ka sa ni cikin masu kwafi.

In ka sa faifan, ɗauki hoton abin da ya fito a allo da wayarka, ka ɗauki cikin faifan ma a wajen haske, ka turo mini. Daga nan zan san ta inda za mu ɓullo. Bayan isha'i ka fi samuna a natse.

Uwargida tana gaida taka. A shafa mini kan yara.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka